Wa Zai Shiga Ramina?

Litinin, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Wannan ragowar rajistar 'yan aji shida ce, na tono ta daga ƙasan akwati. Na yage shafukan da ke ɗauke da sunayen yara, na bar farare. Tun da matata Furera ta rasu ba ni da wanda nake gaya wa magana, bango kuma ya gaji da ni.

Ni ne Abdulkahar, tsohon hedimastan firamaren Unguwar Nababa, a ƙasar Kuyello. Shekaruna tamanin da ɗaya, ko da biyu.

Yau mota ta huɗu ta tashi da mutane, Liman ma ya bi ta. Mun rage mu biyar a gari. Ni, da abokina Jaji wanda ke kwance tun farkon damina, da matarsa Mairama, da tsohuwa Huraira kurma a ƙasan gari, sai jikana Suhaibu, ɗan ɗana Muttaka, wanda ya zo daga Zariya shekaranjiya don ya tafi da ni.

Ban hau ba. Furera tana nan. Jaji yana nan.

Ba zan rubuta abin da ke tayar da mutane ba. Wanda ya sani ya sani.

Da motar ta sha kwana, sai na samu kaina ina lissafin mazan da suka rage masu iya ɗaga diga. Ɗaya ne.

Laraba, 3 ga Agusta, da hantsi

Muna shan koko na tambaye shi.

Na ce, "Suhaibu, ka taɓa wanke gawa?"

Ya ajiye ludayi. "Haba Tsoho, da sassafen nan?"

"Ka taɓa shiga rami ka karɓi mamaci?"

"Ina dai zuwa jana'iza. In an gama a zuba ƙasa, in zuba."

"Ta wane gefe ake kwantar da shi? Ina kansa yake dubawa? Da me ake rufe shi kafin ƙasa?"

Ya ɗauki ludayin ya ci gaba da juya kokonsa.

Shekara goma sha bakwai yana makaranta. Digiri gare shi a kan labarin ƙasa. Zai iya zana maka kogunan ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba, amma bai san yadda ake mayar da mutum cikin ƙasar da yake takawa ba.

Ya ce, "Ni ban zo binne ka ba. Na zo ɗauke ka ne."

Na ce mutuwa ba ta tambayar abin da ya kawo mutum.

Ya ɗauki wayarsa ya tafi kan tudu neman sabis. Kwana uku ke nan yana hawa tudun, kwana uku yana saukowa haka.

Alhamis, 4 ga Agusta, bayan azahar

Na dogara sanda na je gaida Jaji. Taku arba'in ne tsakaninmu, sau biyu na tsaya hutawa. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa, amma bakin yana nan.

Na kai masa ƙarar yaron. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Hedimasta, alli ka shuka, yanzu kake neman girbin dawa?"

Na ce ba ni na koyar da shi ba.

"Kai ka koyar da ubansa. Wa ke tsayawa a ƙofar makaranta da tsumagiya in an fito da makara, kada yaro ya bi? Ni?"

Gaskiyarsa. Shekara talatin da huɗu ina yin haka. In aka yi rasuwa a gari, nakan sa a rufe tagogin da ke kallon hanya, in ce a ɗaga murya da karatu. Biyu sau biyu huɗu. Ina ganin wayewa nake kawowa. Ni kaina sai da na haura arba'in, ran da mahaifina ya rasu, na tsaya a kan gawarsa da farar riga da biro a aljihu ban san ta inda zan fara ba. Wannan Jajin, da ko bihim bai sani ba a boko, shi ya kama hannuna ya nuna mini.

Na koya. Ban koya wa kowa ba.

Juma'a, 5 ga Agusta, da rana

Ba a yi Juma'a ba. Wa zai ja, wa zai bi?

Asabar, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Na ari taɓaryar Mairama, na kwantar da ita a kan tabarma, na rufa mata tsohon zane. Na kira Suhaibu.

"Wannan ni ne. Ka naɗe tsumma a hannunka. Da alwala ake farawa, sannan gefen dama."

Ya tsaya yana kallona kamar na taɓu.

"Tsoho, taɓarya ce."

"Na ce ni ne."

Ya tsuguna. Ya zuba ruwan a kan taɓarya gaba ɗaya kamar mai wanke babur. Na daka masa tsawa. Ya sake, ya fara ta hagu. Na ɗaga sanda, ban san na ɗaga ba. Ya dubi sandar, ya dube ni, ya miƙe.

Daidai nan Mairama ta leƙo ta kan danga. "Malam, a ba ni taɓaryata in an gama mata sutura. Ba ta mutu ba, gero na jiranta."

Shi ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Lahadi, 7 ga Agusta, da hantsi

Babura, ta wajen rafi. Ba su shigo ba.

Talata, 9 ga Agusta, kafin magariba

Gideon ya zo. Shi ne direban a-kori-kurar da har yanzu ke da zuciyar biyo hanyar nan daga Birnin Gwari. Ko injin bai kashe ba.

"Baba, yau hanya ta yi shiru. Gobe ban sani ba. Ku hau."

Ya kawo saƙon Karima, uwar yaron. Ta ce a gaya mini ta ba ni mutum guda, wato mijinta, ba za ta ba ni na biyu ba. Gideon ya faɗe shi kansa a ƙasa, ya ce a yafe masa, ɗan aike ne.

Suhaibu ya durƙusa a gabana, a cikin taɓo, da wandonsa mai kyau.

"Don girman Allah, Kaka. Minti biyar. Ni zan ɗauke ka."

Ba ya kirana Kaka sai abin ya kai masa wuya.

Na ce Jaji ba zai jure hanya ba, ni kuma ba zan bar shi ba. Wannan gaskiya ce. Ba ita ce gaskiyar duka ba.

Na ce, "Kai ka hau."

Na faɗa ne a hankali, yadda zan iya rantsewa na faɗa. Bai hau ba. Da motar ta tafi na ji daɗi. Allah Ya gani, daɗi na ji.

Laraba, 10 ga Agusta, da azahar

Ba ya mini magana. Ya ajiye tuwo a bakin ƙofa ya juya.

Alhamis, 11 ga Agusta, da azahar

Haka.

Asabar, 13 ga Agusta, bayan sallar asuba

Ƙirjina yana ƙara kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Na tashi na buɗe akwati, na taɓa likkafanina. Yana nan, fari sol, da ƙullin kafur a cikinsa. Shekara tara da na yanka shi, Furera ta ɗinka da hannunta. Na tanadi komai. Na tanadi ƙyalle, na tanadi turare, na zaɓi wuri kusa da ita. Hannun da zai yi aikin ne ban tanada ba.

Na ce ba zan rubuta komai a kan Muttaka ba.

Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Shekara uku ke nan, a irin wannan watan. Ya tafi gonar bakin daji ya ce zai dawo kafin azahar. Bayan kwana shida aka kawo mini fartanyarsa da takalmi ƙafa ɗaya.

Ba a wanke takalmi. Ba a yi wa takalmi salla.

Kullum in na rufe ido ina ganin inda yake, da abin da ke zuwa wurinsa. Shi ke nan. Ba zan ƙara ba.

Ni dai a rufe ni. Ban roƙi komai ba a duniyar nan sai a rufe ni.

Litinin, 15 ga Agusta, da hantsi

Na bar littafin a buɗe a kan tabarma na tafi kewayawa. Da na dawo na tarar da Suhaibu tsaye, idanunsa ja. Bai ce ya karanta ba, ban tambaya ba.

Ya ce, "Ina digar take?"

Ƙotar ta yi sako-sako. Bai san a jiƙa ta a ruwa ta kumbura ba. Bai san a wasa bakin gatari a kan dutse ba, nema yake ya goga shi a siminti. Bai iya hura wuta da ɗanyen itace ba. Guga ma sai da Mairama ta nuna masa yadda ake karkata ta ta sha ruwa. Ba daƙiƙi ba ne, sau ɗaya ake nuna masa ya kama. Ba a taɓa nuna masa ba ne kawai.

Na gaya masa rami biyu ne. Akwai uwa, babban ramin da ke sama. A tsakiyarta ake haƙa 'ya, siririya, inda mamaci ke kwanciya a gefensa na dama yana duban gabas. A gitta itatuwa a bakin 'yar, a toshe da ganye, a shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura sauran.

Yana rubutawa a bayan wata takarda kamar zai shiga jarrabawa.

Na ce, "Ajiye biron. Hannu ke riƙe wannan karatun."

Ya ce, "Wa ya koya mana rubuta komai?"

Na miƙa masa digar.

Talata, 16 ga Agusta, da yamma

Zazzaɓi. Ban iya tashi ba. Allah, ba yau ba. Bai gama koyo ba.

Laraba, 17 ga Agusta, da yamma

Ba yau ba.

Juma'a, 19 ga Agusta, da hantsi

Ba ni ba ne. Jaji ne.

Jiya ban iya riƙe biro ba. Zan rubuta yadda aka yi, a jere, don in na tsaya tunani ba zan gama ba.

Da hantsi Mairama ta shigo ba sallama. Ta ce, "Malam, abokinka ya riga ka." Suhaibu ya goya ni zuwa gidan, ya zaunar da ni a kan turmi.

Shi ya yi wankan. Mairama na miƙa ruwa da dakakken ganyen magarya, ni ina faɗa. Tsumman ya faɗi daga hannunsa sau biyu. Da ya zo juya shi sai ya ce, "Sannu, Baba Jaji," kamar zai ji ciwo. Ban hana shi ba. Da dama ya fara.

Mairama ta ce ba su da farin ƙyalle. Sun yi niyyar saye in an girbe masara.

Na zauna a kan turmin nan ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Allah Ya yafe mini, sai da na yi tunanin tsohon zanen gado. Sannan na ba Suhaibu mabuɗin akwati.

Ya ɗan yi masa gajere. Jaji ya fi ni tsawo tun muna yara.

Maƙabarta tana bakin daji, ba mai zuwa can yanzu. Muka ce bayan masallaci. Na auna Jaji da karan dawa, na karya daidai tsawonsa, na ba yaron. Na shata masa wurin da sandata, kudu da arewa. Na sa ya sassare reshen darbejiyar masallaci, guntaye, kamu ɗaya da rabi kowanne. Daga nan jiri ya ɗebe ni. Suka kwantar da ni a rumfa.

Na farka rana ta karkata, gabas ta yi baƙi ƙirin da hadari. Ya zo ya ɗauke ni, tafin hannunsa duk ya fashe, jini da ƙasa sun haɗu. Fuskarsa kuwa kamar yaron da ya zo na ɗaya.

Na leƙa ramin. 

Uwar ta yi kyau. Amma 'yar, ya buɗa ta kamar gadon amarya. Mutum biyu za su kwanta a ciki su yi juyi.

Na ce, "Me ka yi?"

"Na ga yadda ka kwatanta ya yi ƙunci da yawa. Na shiga na gwada da jikina, ko numfashi ban iya ba. Na ce Baba Jaji mutum ne mai son sakewa."

Na ce ɗauko itace ɗaya ka gitta. Ya gitta. Itacen ya faɗa ciki. Ya ɗauko wani. Ya faɗa ciki.

Sai ya gane. Ya zauna daɓas a bakin ramin.

Laifina ne. Na ce masa siririya, ban gaya masa awo ba. Taƙi ɗaya da yatsu huɗu, abin da kowane manomi a garin nan ya sani tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Ban faɗa ba, don ban taɓa zaton akwai wanda bai sani ba.

Darbejiyar ba ta da sauran reshe mai tsawo. Dogayen itatuwa suna can inda ba a zuwa. Sabon rami kuwa, hannun nan ba zai iya ba, kuma ruwa na tafe. Na fara faɗa masa maganganu. Ba zan rubuta su ba. Na ambaci digirinsa. Na ambaci uwarsa.

Mairama ce ta katse ni. A garin nan mace ba ta zuwa bakin kabari. Ta zo, ita da Huraira.

"Malam, mijina na kwance a rana kana karatu. Bencinan makarantarka fa? Wa ke zama a kansu?"

Na ce kayan gwamnati ne.

Wallahi haka na ce. Ta dube ni. Ko Huraira da ba ta ji ba sai da ta dube ni.

Na ce wa Suhaibu, "Ajin farko daga hagu. Ka ɓalle ƙofar da diga."

Ya yi sawu uku a guje. Ya ɓaɓɓalle ƙafafun, ya kawo falankan. Sun haye ramin har da saura.

Na ja salla a tsaye, Suhaibu na riƙe da ƙugun rigata ta baya da hannu ɗaya kada in faɗi. Liman ɗaya, mamu ɗaya. Kabbara huɗu. Muka kawo shi a kan ƙyauren ɗakinsa, yaron a gaba, tsofaffin mata biyu a baya, suna ajiyewa suna hutawa. Suhaibu ya shiga ramin, suka zuro masa. Saboda faɗin, Jaji ya riƙa komawa rigingine. Na ce a kawo tubala daga rusasshiyar katanga, ya tokare masa baya har fuskar ta tsaya gabas.

Ya jera falankan. A kan ɗaya wani yaro ya taɓa sassaƙa sunansa da ƙusa, har na tuna na yi masa bulala shida a kan haka. Muka shafe da laka. Ɗigon farko ya sauka yana tura ƙasar ƙarshe.

An rufe Jaji.

Asabar, 20 ga Agusta, bayan azahar

Ya kamata in samu natsuwa. Abin da nake nema ke nan, na gani da idona. Ya iya.

Ban samu ba.

Abin da ke dawo mini ba Jaji ba ne. Lokacin da yaron ke cikin rami yana jiran a miƙo masa, ƙasa ta kai masa ƙirji, ya ɗago kai ya dube ni. Goshin Muttaka. Idon Muttaka. Daga can wajen rafi kuma ana jin su, sama-sama, suna wucewa.

Ni na sa shi a ramin nan. Kwana ashirin na riƙe shi a garin da kowa ya gudu, don ya zama mai haƙa mini. Shekararsa ashirin da biyar.

Lahadi, 21 ga Agusta, da la'asar

Mairama tana shafa masa man kaɗe a hannu, yana cije baki. Na ce masa maganganun da na faɗa ranar Alhamis, zazzaɓi ne.

Ya ce, "Zazzaɓin ya iya zagi."

Na ce ya yafe. Ya ce in ci tuwona.

Litinin, 22 ga Agusta, da hantsi

Sun shigo ƙasan gari. Sun tafi da awakin Huraira. Muna cikin ɗaki, mu huɗu, ba mai tari. Na sa hannuna a kan bakina da kaina.

Allah Ka kawo Gideon. Allah Ka kawo Gideon.

Talata, 23 ga Agusta, da yamma

Bai zo ba.

Na gaya musu in ya zo zan hau. Mairama ta ce takaba ba ta hana gudun ceton rai, za ta ƙarasa a gidan 'yarta. Huraira mun yi mata nuni da hannu, ta ɗaure ƙullinta tun yanzu ta zauna a kai.

Na so in je in yi wa Furera sallama. Ba hali. Na tsaya a bakin danga na dubi wajen, na faɗa mata daga nan. Wurin da na zaɓa kusa da ita, ciyawa ta ci.

Ba ni da likkafani. Ba ni da wuri. Ƙirjin nan ban sani ba ko zai kai Birni, hanyar awa huɗu ce in an yi sa'a, ramuka kuma sun fi hanyar yawa.

Laraba, 24 ga Agusta, da hantsi

Ya zo. Yana ɗaure kaya, ya ba ni minti biyar.

Sun shimfiɗa mini katifa a baya. Da Suhaibu ya zo ɗaukar akwatina na riƙe hannunsa, wanda ke naɗe da tsumma.

Na ce, "In abin ya zo a hanya, ko a Birni, kada ka wahalar da kanka. Can akwai masu haƙa, sana'arsu ce. Ka bar musu."

Ya ce, "Su haƙa. Ni zan wanke, ni zan shiga."

Na saki hannunsa. Na ce, "To kada ka faɗaɗa."

"Taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Rufe littafin nan, Tsoho, ka zo in goya ka."